Jiragen sukari a lokacin yaƙi: wa ke ɗaukar asarar?

Tambayar da Malam ya yi ita ce, a zamanin da Turawa ke riƙe da tsibiran Karebiyan suna noman rake da bayi, in yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Faransa ko Sifaniya, yaya jiragen 'yan kasuwa ke yi su kai sukari Turai, shin cinikin tsayawa yake yi cak, kuma in an kama jirgi wa ke ɗaukar asarar. Ya kuma ƙara da cewa ko abin ya taɓa shafar mutanenmu.

To Malam, cinikin dai bai cika tsayawa ba, musamman na Ingila, tsada yake yi kawai, kuma wannan tsadar ana ta turata ne daga wannan hannu zuwa wancan har ta sauka kan wanda ba shi da wanda zai tura wa. Tarihin cinikin teku shi ne fannina, kuma wannan ne abin da nake so ka riƙe a ranka yayin da kake karanta sauran bayanin.

Da farko sai ka san irin kayan da ake magana a kai. Sukarin da ke fitowa daga Jamaika ko Barbados ko Antigua ba farin nan ba ne na shayi, ɗanye ne ja-ja mai danshi, kusan kamar mazarƙwailar da bata gama ƙamewa ba, ana danna shi cikin manyan gangunan katako, ganga ɗaya ta fi rabin tan nauyi. Tun daga gandu baƙin ruwan nan mai kauri yake tsatsafowa ta tsakanin katakon, har cikin jirgi bai daina ba, yana gangarawa ƙasan jirgi ya haɗu da ruwan teku ya yi tsami, warin ya cika ko'ina. Ma'ana duk kwanan da ganga ta ƙara a hanya nauyinta raguwa yake, kuma da nauyi ake sayarwa a Landan. Kaga kenan tun ba a harba igwa ko ɗaya ba, jinkiri kaɗai asara ne. Sannan jiragen nan iska ke tura su, ba inji, lodinsu ya yi yawa, ma'aikatansu kaɗan ne saboda mai jirgi baya son biyan albashi, basa gudu. Kuma kowa ya san lokacin fitowarsu, domin ana yankan rake ana matsa daga wajen Janairu zuwa Yuni, kuma kowa ya san hanyarsu. Jirgin da ya taso daga Jamaika hanya biyu gare shi, ko ya yi ta kokawa da iska ya bi mashigin da ke tsakanin Kuba da tsibirin Hispaniola, wato ta ƙofar gidan Faransawa, ko ya zagaya yammacin Kuba ya wuce ta gaban Havana, ƙofar gidan Sifaniyawa. In ya tsallake wannan, to a bakin tekun Ingila ma akwai masu jiransa daga tashoshin Faransa na Saint-Malo da Dunkirk. Ba sai maharin ya yi yawon nema a tsakiyar teku ba, zama kawai zai yi a bakin hanya.

Masu kamun kuma yawanci ba sojan ruwa bane. 'Yan kasuwa ne suke haɗa jari, su sayi ƙaramin jirgi mai gudu, su ɗora masa igwa, su cika shi da maza, gwamnati ta basu takardar lasisi cewa suna da izinin kama jiragen abokan gaba. In sun kama sai su kai tashar ƙasarsu, kotun teku ta duba takardu ta ce eh wannan ganima ce halal a dokarsu, a yi gwanjon jirgi da kaya a raba kuɗi. Bambancinsu da 'yan fashin teku takardar nan ce kawai, mai takarda in an kama shi fursunan yaƙi ne, marar takarda rataye shi ake yi. Wani lokaci ma basa wahalar da kansu da jan jirgin, sai kyaftin ya sa hannu a takardar fansa cewa mai jirgi zai biya kaza, su ɗauki mutum ɗaya daga cikin ma'aikatan su tafi da shi a matsayin jingina, jirgi ya ci gaba da tafiya. Akwai bayin Allah da suka daɗe a kurkukun Faransa saboda mai jirgi ya ƙi biya ko ya karye. Sai 1782 majalisar Ingila ta hana jiragenta wannan fansar. Lasisin kamun kansa kuwa sai a 1856 manyan ƙasashen Turai suka yarda a Faris su soke shi.

Kuma ba sabon abu bane a ƙarni na 18. A shekarun 1647 da 1648 Fotugal ta rasa jirage fiye da 200 a hanyar Birazil, mafi yawansu a hannun mutanen Holan, abin da yasa a 1649 aka kafa kamfani na musamman don yi wa jiragen sukarin Birazil rakiya. A 1755 ma, tun ba a shelanta yaƙi ba, sojan ruwan Ingila suka kwashe jiragen kasuwancin Faransa wajen 300 da ma'aikatan jirgi kusan 6,000. Wannan ba kuɗi kaɗai aka nufa ba, an so ne Faransa ta shiga yaƙi bata da ƙwararrun matuƙa.

Maganin da aka samo shi ne ayari. A tara jirage hamsin, ɗari, wani lokacin fiye, a wuri ɗaya, na ƙananan tsibirai su haɗu a St Kitts, na Jamaika su haɗu a Bluefields ko Port Royal, jiragen yaƙi biyu ko uku su raka su har gida. 'Yan kasuwar Landan masu hulɗa da tsibiran suna da ƙungiyarsu, su suke zama da hukumar sojan ruwa a tsayar da ranakun tashi. Ayari yana aiki, wannan ba a musu, jirgin da ke cikin ayari ya fi tsira nesa ba kusa ba, shi yasa a 1798 Ingila ta mayar da shi dole sai wanda aka baiwa izini na musamman. Amma fa ayari nada nashi ciwon. Na ɗaya jira. Jirgi ya gama lodi tun Afrilu amma sai ya zauna makonni yana jiran sauran, sukari na tsiyaya, albashi na tafiya, zazzaɓin shawara na cin ma'aikata, tsutsar teku mai huda katako na cin ƙasan jirgin, domin sai wajen 1779 zuwa 1781 ne ma sojan ruwan Ingila suka lulluɓe ƙasan jiragensu da tagulla gaba ɗaya, 'yan kasuwa kuwa da yawa basu da halin haka. Na biyu, ayari tafiyar mafi nauyin jirgi yake yi. Ka ɗauka dare ne, babu wata, jirgin kwamanda ya rataya fitila a bayansa, kowa ita yake bi, in za a juya sai ya harba igwa sau kaza a matsayin sigina, wani kyaftin ya ji wani bai ji ba, wani ya rage filafilansa saboda yana tsoron karo, gari na wayewa sai a ga ayari ya warwatse, jirage uku huɗu can baya sai ɗigonsu ake hange. Waɗannan na bayan su masu lasisin ke bi, kwana da kwanaki suna biye da ayari daga nesa suna jiran wanda zai yi baya. Rahotannin kwamandojin rakiya cike suke da ƙorafi kan kyaftin-kyaftin masu taurin kai. Na uku kuma kasuwa, jirage ɗari su sauke sukari a Landan cikin mako ɗaya, farashi ya faɗi. Shi yasa in an kusa gida wasu kyaftin ɗin suke sulalewa da dare su riga ayari isa don su sami farashi mai kyau, kuma daidai nan ne wurin da ya fi haɗari. Wasu masu kuɗin ma tun farko basa shiga ayari, jirgi mai gudu suke saya su cika shi da igwa ya tafi shi kaɗai.

Sannan in ayari ya gamu da babbar runduna, to asarar a dunƙule take zuwa. Misalin da ya fi kowanne shi ne na 9 ga Agusta 1780. Ayarin jirage 63 ya taso daga Portsmouth, wasu zasu Karebiyan wasu zasu Indiya, Kyaftin John Moutray ke rakiya da babban jirgin yaƙi ɗaya da ƙanana biyu. Can yamma da gaɓar Fotugal suka faɗa cikin rundunar haɗin gwiwar Sifaniya da Faransa ƙarƙashin Luis de Córdova. Aka kama jirage 55 aka kai Cadiz, da fursunoni wajen 3,000, asarar ta kai kusan fam miliyan 1.5 na wancan zamanin. Jiragen rakiyar sun tsira, an kuma gurfanar da Moutray a kotun soja, duk da ni a ganina jirage uku ba abin da zasu iya yi wa runduna mai jirage sama da talatin, laifin na wanda ya saki dukiya haka da rakiya ƙarama ne. Lura, wannan ayarin fita yake yi, ba sukari a ciki, makamai ne da kayan soja da kayan aikin gandu da abinci, wato abin da tsibiran ke zaman jira. Wata biyu bayan nan, a Oktoba 1780, mahaukaciyar guguwa ta daki Barbados da Martinique da St Lucia da St Eustatius ta kashe mutum sama da 20,000.

Guguwar nan ma tana cikin lissafin yaƙi. Takardun inshora suna da sharaɗin jirgi ya bar tsibiran kafin 1 ga Agusta, in ya wuce kuɗin inshora ninkawa yake, domin an shiga lokacin guguwa. A zaman lafiya kyaftin zai tashi da wuri abinsa, amma a yaƙi jiran ayari ne ke tura shi cikin mummunan lokaci. A Satumba 1782 ayarin Jamaika ƙarƙashin Admiral Graves ya gamu da guguwa a kudu da Newfoundland, jiragen kasuwa da dama suka nutse, har da Ville de Paris, babban jirgin Faransa da Admiral Rodney na Ingila ya kama wata biyar kafin nan a gwabzawar Saintes, mutum wajen 3,500 suka halaka.

Yanzu ga batun wa ke biya. Mai gandu yana aika sukarinsa ne ga wakilinsa a Landan ko Bristol ko Liverpool ko Glasgow, wakilin ya sayar, ya cire kuɗin dako da haraji da inshora da la'adarsa, ya cire bashin da yake bin mai gandun, ya rubuta abin da ya rage. Inshorar yawanci a Lloyd's ake yi, wurin da ya faro a matsayin shagon shan kofi na Edward Lloyd wajen 1688, attajirai kowa ya sa hannu ya ɗauki wani yanki na haɗarin. A zaman lafiya kashi 2 ko 3 cikin 100 na darajar kaya ake biya, a yaƙin 'yancin Amurka ya haura kashi 20 ga jirgin da ba rakiya, in ka bi ayari har ka isa sai a mayar maka da wani abu. Kuɗin dako shi ma ya ninka, albashin ma'aikacin jirgi ya ninka ko fiye, saboda sojan ruwa na kama ma'aikata da ƙarfi su tura su jiragen yaƙi, har ana jiran ayari a bakin tekun Ingila a kwashe mutanen da suka yi wata biyu a teku tun basu taka ƙasa sun ga iyalansu ba. A tsibiran kuwa masu gandu sun matsa sai da majalisar Ingila ta hana wannan kamun a can a 1746, ba don tausayin ma'aikata ba, don kada sukarinsu ya rasa masu tuƙa shi. To in an kama jirgi, mai inshora ne ke biya, kuma gaskiya bayan Agusta 1780 da yawansu sun karye. Amma waɗanda suka tsaya sai suka ƙara farashi suka mayar da abinsu. Wakili la'adarsa na nan. Mai shan shayi a Ingila ya ƙara 'yan kwabbai. Mai gandu ribarsa ta ragu bashinsa ya ƙaru, wasu gandayen suka koma hannun masu bin bashi.

Bawa kuma fa? Nan ne abin ke ci mini rai duk lokacin da na zo kansa. Tsibirai irin Barbados da Antigua sun shuke kusan duk ƙasarsu da rake saboda ya fi kawo kuɗi, abincin bayi daga waje ake kawowa, masara da fulawa da shinkafa da busasshen kifi mai gishiri daga Arewacin Amurka, naman gishiri daga Cork a Ailan, har katakon gangar sukarin daga Amurka yake zuwa. Da yaƙin Amurka ya tashi a 1775 aka rufe wannan hanyar daga ɓangarorin biyu, abinci ya yi tsada ninki-ba-ninki, mai gandu da bashi ya shaƙe shi abu na farko da zai rage shi ne awon bayi, aikin kuma bai ragu ba. Majalisar Jamaika da kanta, wato majalisar masu bayin, ta ƙiyasta cewa bayi 15,000 sun mutu tsakanin 1780 da 1787 saboda yunwa da cututtukan da yunwa ke jawowa, sakamakon guguwa a jere da fari da kuma hana jiragen Amurka shigowa, hanin da Landan ta ci gaba da shi ko bayan an yi sulhu a 1783 don ta kare masu jiragenta. Gangar sukari tana da inshora tun daga gaɓa har Landan, cikin wanda ya noma ta ba wanda ya lamunce. In kuma abokan gaba suka sauka tsibiri to bayin ma ganima ne, a 1706 Faransawa ƙarƙashin d'Iberville sun kwashe bayi sama da 3,000 daga Nevis, tsibirin Ingila, suka sayar a wasu wurare.

Inda inshora ta shafi bawa kuwa, a matsayin kaya ta shafe shi. Jirgin Zong asalinsa na Holan ne, ganimar yaƙi ce, an kama shi a gaɓar Afirka ta Yamma a 1781 bayan Ingila ta shiga yaƙi da Holan, 'yan kasuwar Liverpool suka saye shi a Cape Coast, aka cusa masa bayi 442 da ma'aikata 'yan kaɗan da aka tsinto. Suka yi kuskuren hanya suka wuce Jamaika, sai suka jefa mutum sama da 130 cikin teku da ransu, domin inshora bata biyan wanda ya mutu da ciwo amma tana biyan kayan da aka zubar don ceton jirgi, fam 30 kan kowane mutum. Shari'ar da aka yi a Landan a 1783 ba ta kisan kai bace, ta neman kuɗin inshora ce.

Faransa ta fi Ingila shan wuya, don sojan ruwanta basu kai ba. Dokarta ta ce jiragen Faransa kaɗai zasu ɗauki sukarin tsibiranta, kamar yadda Ingila ma ta yi nata dokokin tun 1651 da 1660, amma in yaƙi ya yi zafi sai ta buɗe ƙofa ga 'yan ba-ruwanmu, musamman Holan. Ingila ta ce bata yarda ba, ta kafa ƙa'idar 1756 cewa cinikin da aka hana ka a zaman lafiya baza ka yi shi a lokacin yaƙi ba, ta shiga kama jiragen Holan. Duk da haka sukari sai da ya sami hanya. 'Yan kasuwar Boston da New York da Philadelphia, talakawan sarkin Ingila fa, suna zuwa Monte Cristi, wata 'yar tashar Sifaniya a kan iyakar Saint-Domingue, yankin Faransa na tsibirin Hispaniola, su sayi sukarin Faransa su sayar musu da abinci, wasu kuma su sayi takardar musayar fursunoni su shiga tashar Faransa kai tsaye da fursuna ɗaya ko ma babu, gwamnan Pennsylvania William Denny ya yi suna wajen sayar da irin takardun nan. Wannan sumogar na cikin abin da ya fusata Landan ta kawo dokar sukari ta 1764, ita kuma tana cikin abubuwan da suka fara ɓata tsakaninta da Amurkawa. A yaƙi na gaba, wato na 'yancin Amurka, tsibirin St Eustatius na Holan ne ya zama kasuwar kowa da kowa, Rodney ya kama shi a Fabrairu 1781 ya kwashe komai, ya loda ganimar a ayari ya tura gida, Faransawa ƙarƙashin La Motte-Picquet suka tare suka kwace fiye da rabi, shi kuma ya shekara da shekaru yana zaryar kotu don cikin waɗanda ya kwashe wa kaya har da 'yan kasuwar Ingila.

Wani abu da mutane basa tsammani, masu gandun Ingila basa son ƙasarsu ta riƙe tsibiran Faransa. An kama Guadeloupe a 1759, sukarinta ya shigo kasuwar Landan ya sauke farashi, don haka suna cikin masu son a mayar da ita, kuma a sulhun Faris na 1763 Faransa ta karɓi Guadeloupe da Martinique ta haƙura da Kanada.

Abin da ya yi wa raken Karebiyan illa mai ɗorewa kuwa daga toshe teku ya fito. Tun 1747 wani masanin kimiyya Bajamushe mai suna Marggraf ya gano akwai sukari a cikin bit, wata farar saiwa da ke fitowa a ƙasar sanyi, ɗalibinsa Achard ya buɗe masana'anta a Silesia a farkon shekarun 1800, amma ba wanda ya damu sosai. Da Napoleon ya rufe tashoshin Turai ga kayan Ingila a 1806, Ingila ma ta toshe nashi, sukari ya yi ta taruwa a rumbunan Landan ba mai saye, a Faris kuma ya gagari talaka, sai a 1811 ya ba da umarnin a noma bit a kafa masana'antu. Bayan yaƙi da yawansu sun rufe, amma fasahar ta zauna, kafin ƙarshen ƙarni na 19 bit ya kamo rake a kasuwar duniya.

Batun ko ya shafe mu, eh ya shafa, ta Birazil. Saint-Domingue ce ta fi ko'ina fitar da sukari a duniya har bayinta suka yi tawaye a Agusta 1791, yaƙin da ya haifi Haiti a 1804. Da sukarinta ya ɓace daga kasuwa farashi ya tashi, masu gandun Kuba da na Bahia a Birazil suka faɗaɗa gonaki suka buɗe baki neman bayi, 'yan Bahia kuma daga gaɓar Ikko da Porto-Novo da Ouidah suke saye, da taba suke biya. Wannan ya zo daidai da yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa daga 1804, kamammu daga ɓangarori daban-daban aka yi ta gangarawa da su kudu ta hannun fatake har bakin teku. Shi yasa a takardun hukumomin Bahia na lokacin zaka ga sunan Hausawa ƙarara, su aka kama da shirin tawaye a Salvador, babban birnin Bahia, a 1807, suna cikin na 1809, kuma su ne jagororin na Fabrairu 1814 da ya tashi daga wuraren kamun kifi na wajen Itapuã.